Harafin Lam da Ƙafar Malam Adamu

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana Haruna. Ba sai na duba kalanda ba, domin ya rasu ne a shekarar da ƙugiyar gini ta faɗo a Harami ana iska da ruwan sama, gab da aikin Hajji. A lokacin yana kwance a gidan da yake haya a unguwar Shisha, ciwon ƙoda ya riga ya ci ƙarfinsa. Da labarin ya iso mana, ya yi salati, sannan ya tambaya ko akwai mutanenmu cikin waɗanda suka ji rauni, kuma wa ke tsaye a kansu. Na ce masa, "Yaya, hukuma tana tsaye a kansu." Ya ce, "Na sani. Wa ke fassara musu nake tambaya." Bai ga ƙarshen Muharram ba. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan dukkan waɗanda suka riga mu.

Mu haifaffun Makka ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kano da niyyar sauke farali, ya sauke, ya zauna. Mahaifinmu tela ne, shi ya koya mana Alƙur'ani da rubutun ajami a bayan keken ɗinkinsa. Ni na gaji keken. Yaya Haruna kuwa zama wuri ɗaya bai karɓe shi ba, sai ya zama abin da a nan ake kira mu'akkib, wato mai bin takardun mutane a ma'aikatu. Sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da lasisin shago, da takardar haihuwa, da bin diyyar wanda mota ta buge, duk aikinsa ne. Kullum za ka gan shi da farar jallabiya da jakar roba a hammata, yana tuƙa wata tsohuwar mota da ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje. Ladansa yakan faɗe shi da baki a gaban mutane tun kafin ya taɓa takarda, kuma ba ya ƙari ko da aikin ya ja.

Kada in mayar da shi waliyyi. Mutum ne mai saurin fushi da yawan mita. In ya yi maka alheri, sai ka biya da kunnenka, don zai yi ta maimaita maka kuskuren da ya kai ka wurinsa har ka gwammace da kuɗi ya karɓa. Matarsa takan ce ta auri mutum ɗaya amma da jama'ar unguwa take raba shi, abincin ranarsa kuma sai bayan la'asar ake cinsa, ya huce.

Yau sana'ar tasa ta kusa ɓacewa. Layukan da yake bi tun da sassafe sun koma cikin waya. 'Yarsa Zainabu, wadda ta karanta shari'a take aiki a wani ofishin lauyoyi a unguwar Aziziyya, takan gama abin da yake kwashe mako yana yi kafin shayinta ya huce. Nakan zauna ina kallon yatsunta, in tambayi kaina me zai ce da ya gani. Amma ba zan iya amsa wannan ba sai na ba ku labarin Malam Adamu, domin shi ne aikin da ya rasu bai gama ba.

Tun da aka wajabta wa masu mota yin inshora, sai wata sabuwar sana'a ta tsiro a gefen tasa. Ƙananan ofisoshi suka buɗe, aikinsu bin diyya. Su ce wa wanda ya ji rauni ya kwanta ya huta, za su karɓo masa haƙƙinsa, su ɗauki rabonsu. A cikinsu akwai masu gaskiya, na san wasu. Akwai kuma waɗanda ba wanda ya san wa ya ba su izini, ba wanda ya ƙayyade musu lada, ba kuma inda za ka kai ƙararsu cikin sauƙi. Irin waɗannan sukan ɗauki dillalai masu jin harsuna, su baza su a bakin asibitoci. Sun san mutumin da ke kwance cikin baƙin fuskoki, da ya ji an ce masa "sannu" da harshen uwarsa, ya riga ya miƙa wuya.

Dillalin Hausawa a wancan lokaci shi ne Sale. Ɗan unguwarmu ne, ƙanenmu a shekaru, shi ma a gaban mahaifinmu ya yi karatu. Yana da zaƙin baki da saurin taimako, kuma saboda yawan zamansa a asibiti, wanda a nan ake ce wa mustashfa, sai aka laƙaba masa Sale Mustashfa.

Malam Adamu kuwa mutumin Damagaram ne, ya biyo ta Cadi da Sudan ya iso nan da iyalinsa. Yana haya a unguwar Ka'akiyya inda gida ya fi sauƙi, yana sayar wa alhazai carbi da darduma da hula a Aziziyya. Wata rana yana tsallaka titi da ƙunshin darduma a ka, mota ta kwashe shi. Ƙafar dama ta karye, gwiwar ta farfashe. Wanda ya buge shi wani saurayi ne Balarabe, bai daɗe da fara aiki ba. Yaron ya bi shi asibiti yana kuka, ya sumbaci kansa, yana ta roƙonsa. Malam Adamu ya dube shi ya ce da Hausa, "Na yafe maka, duniya da lahira."

Haka aka rene mu, kuma ban ga laifin wannan reno ba. Mutum yana kwance a ƙasa mai tsarki, an zo masa da hawaye, abin da zai fara fitowa daga bakinsa ke nan. Sai dai Sale yana tsaye a wurin, shi ya fassara wa yaron. Washegari ya dawo da takarda ya ce, "Malam, tunda ka yafe sai a rubuta, kada a tsare yaron nan. Tanazul ake kiranta." Malam Adamu ya karɓa ya duba. Ya ga kalmar a saman takarda, ya haɗa baƙaƙenta ɗaya bayan ɗaya, ya ga lalle tanazul aka rubuta, kalmar da kowa a unguwa yake amfani da ita in ana nufin an haƙura da abu. Ya dangwala yatsa. Sale ya sa masa ɗan ambulan a ƙarƙashin matashi ya ce na magani ne, daga masu alheri.

Mu mutanen ajami muna da wata matsala da ba kowa ke da ita ba. Wanda bai san baƙaƙen Larabci ba, in aka ba shi takarda, ya san bai sani ba, zai nemi mai karanta masa. Mu kuwa mun san kowane harafi tun muna yara. Sai mu karanta baƙaƙen, mu ɗauka mun karanta maganar.

Bayan wasu watanni likitoci suka ce gwiwar sai an sake yi mata aiki, in ba haka ba ƙafar za ta sandare, ba zai ƙara takawa da ita ba. Aikin yana da tsada, shi kuwa ba ɗan ƙasa ba ne. Sana'arsa ta yawo ce, da ƙafa yake ciyar da gidansa. Matarsa ta zo wurin Yaya Haruna ya rubuta musu takardar neman taimako. Ya tambaye ta ina diyyar. Ta ce ai Malam ya yafe. Yaya ya ɗauki jakarsa. Ya bi ta ofishin masu kula da hanya, ya bi ta kamfanin inshora, sai ya tarar an biya diyyar gaba ɗayanta tun tuni.

Ina tuna ranar da ya shigo shagona ya ture yadin da nake yanka, ya shimfiɗa kwafin takardar a kan teburin. Ya ɗora farcensa a kan wani harafi ya ce, "Karanta min wannan." Na ce, "Lam ne." Ya ce, "To wannan lam ɗin shi ya cinye ƙafar Adamu."

Ga bayanin, ga wanda bai sani ba. Tanazul a Larabcin takarda tana da fuska biyu. Mutum yana iya yin tanazul ya haƙura da haƙƙinsa, ya bar shi. Yana kuma iya yin tanazul ga wani, wato ya miƙa masa haƙƙin ya zama nasa, kamar yadda ake miƙa mota ko shago. Abin da ke nuna ta biyun shi ne ɗan siririn lam da ake liƙawa a gaban sunan mai karɓa. A takardar Malam Adamu, lam ɗin yana liƙe da sunan ofishin da Sale ke yi wa aiki. Shi yana ganin ya saki yaro, ashe ya sa hannu ne cewa duk abin da kamfani zai biya ya zama na ofishin.

Na ɗauka daga nan abin ya zo da sauƙi, a kai ƙara kawai. Ashe wahalar tana wurin mai haƙƙin. Na raka Yaya Ka'akiyya, muka same shi a kan katifa, ƙafar a miƙe. Ya saurari bayanin har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

Ya ce, "Malam Haruna, na gode. Amma ni na riga na furta. A Makka na furta, mala'iku sun rubuta. In dawo in ce a ba ni kuɗi? Gara ƙafar ta tafi."

Yaya ya ce, "Wa ka yafe wa?"

"Yaron da ya buge ni."

"Sale ya buge ka?"

"A'a."

"Mai ofishinsu fa, shi ma ya zo ya sumbaci kanka?"

"Ban ma san fuskarsa ba."

"To shi ne ya ci ƙafarka, ko sannu bai yi maka ba."

Malam Adamu ya ce, "Duk da haka. Kuɗin daga wajen yaron suka fito."

A mota Yaya ya yi ta faɗa, da shi da mutanen Damagaram da taurin kansu, har da kakanninsu. Na bar shi ya gama. Da muka kusa gida sai ya ce, "Gaskiyarsa ce fa. Ba ni zan warware masa wannan ba." Ya ɗauki kwanaki yana neman yaron nan har ya same shi, ya sa shi a motarsa ya kai shi Ka'akiyya. Wannan karon Yaya ne ya yi fassarar. Da yaron ya ji Malam Adamu bai karɓi komai ba sai ɗan ambulan, ya dafe kansa. Ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "wallahi ko riyal ɗaya bai fita daga aljihuna ba. Kamfani ne ya biya, don haka nake biyansu kowace shekara. Yafiyarka tana nan a wurina, ba zan mayar maka da ita ba, ina buƙatarta ranar alƙiyama. Amma kuɗin nan na 'ya'yanka ne." Malam Adamu ya daɗe yana kallon rufin ɗakin. Sannan ya ce wa Yaya, "To bi min."

Yaya ba lauya ba ne, kuma bai taɓa cewa shi lauya ne ba. Ya samo lauyan da ya yarda zai tsaya, shi kuma ya ɗauki zirga-zirgar. Mai ofishin ya ce ga yatsan mutum a takarda, me kuma ake nema? Yaron ya ba da shaidar abin da ya ji an fassara masa a asibiti. Wanda ya san komai, wato Sale, ya ƙi zuwa. Ya daina bi ta layinmu. Sai dai masallacin Juma'a ɗaya muke zuwa, kuma wannan bai iya canzawa ba, don nan mahaifiyarsa take aika shi ya kai sadakarta.

Mutanen unguwa suka ce a tona shi a gaban jama'a bayan salla. Ni ma ina cikin masu wannan ra'ayi. Yaya ya ƙi. Ya ce in aka kunyata shi a masallaci an rufe masa ƙofar da zai dawo ta cikinta. Abin da ya yi shi ne, kowace Juma'a sai ya tsaya a inda ake ajiye takalma har Sale ya fito, ya miƙa masa hannu da fara'a ya ce, "Sale, Malam Adamu yana gaishe ka." Sale ya ce, "Ina amsawa, Yaya." Sai Yaya ya ƙara, "Ƙafar ma tana gaishe ka." Ba ya ƙara komai a kai. Haka ya yi ta yi har ciwo ya kwantar da shi.

Bayan rasuwarsa aka ƙare shari'ar da sulhu. Ofishin ya mayar da abin da ya ce shi ne ya rage a hannunsa. Rabon dillali, suka ce, an ba shi hannu da hannu, ba su da shi. Malam Adamu ya karɓa domin ƙafar ba za ta iya ƙara jira ba. An yi aikin a makare. Ƙafar ta ɗan gajarce, da sanda yake tafiya, amma yana tafiya, kuma ya samu rabin shago a Aziziyya ya daina yawo da kaya a ka. Yaran da ake tsoron za a cire daga makaranta duk sun gama.

To me Yaya zai ce da ya ga yau? Ina jin da farko zai yi hamdala. Yanzu ba kowa ke buɗe ƙofa ya rataya allo ya ce yana bin haƙƙin mutane ba. Sai da lasisi, kuma mai lasisi yana da abin da yake tsoron rasawa. Wanda zai tsaya wa wani a gaban alƙali an san ko waye shi. Ladan aiki ana rubuta shi tun farko, kowa ya riƙe nasa kwafin. Diyyar hatsari takan faɗa kai tsaye cikin asusun mai ita a banki, ba ta biya ta aljihun kowa. Wanda ya ga an cuce shi yana da inda zai kai kuka ba sai ya san wani babba ba. Zainabu ta taɓa nuna min yadda wakilci yake a yanzu, ta ce, "Ammi, yau in wani ya ce shi wakilinka ne, sai saƙo ya shigo wayarka. Kana iya gani, kana iya sokewa kana zaune a kan kekenka." Na tuna irin tafiyar da ubanta ya yi kafin ya ga kwafin takarda ɗaya, sai na ji idona ya cika.

Bayan hamdalar kuma na san zai fara mita, domin ba zai rasa abin yi wa mita ba, kuma zai yi gaskiya. Dillalan ba su ƙare ba, sun bar bakin asibiti ne sun koma waya. Sai a kira tsohuwa da Hausa mai daɗi a ce ana taimaka mata ta karɓi haƙƙinta, ta karanto lambar da ta shigo wayarta. Ta karanto, don an ce mata "Inna". Akwai kuma waɗanda iƙamarsu ta mutu, ko an cuce su ba za su je ko'ina ba, suna tsoron a tambaye su wata takardar. Sannan duk wannan tsari mai kyau da Larabcin ofis yake magana, tsofaffinmu kuwa Larabcin kasuwa suka iya da na salla. Tambayar da ya yi min yana kwance har yau tana neman amsa a gidaje da yawa.

Abin da ke sanyaya min rai shi ne ana samun masu amsa ta. Zainabu Hausarta ba ta miƙe ba, irin ta yaranmu na yanzu ce, takan mayar da mace namiji, namiji mace. Amma duk taron suna ko walima da ta je, sai ta samu lungu ta zaunar da mata ta yi musu bayani. Na taɓa jiyo ta daga tsakar gida tana ce wa wata dattijuwa, "Hala," wato inna, "lambar nan kamar makullin ɗakinka ne, kada ka ba kowa." Matan suka kwashe da dariya, dattijuwar ta ce, "Ɗakinki, 'yar nan, ni ba kakanki ba ce." Sun yi mata dariya, amma sun riƙe maganar. Ba ita kaɗai ba ce. Akwai samari da 'yan mata da yawa daga gidajenmu da suka yi karatu, kuma ba sa jin kunyar tsayawa su fassara wa tsoho.

Ku da ke gida, na san irin wannan bai tsaya a Makka ba. Duk inda za a biya mutum diyya, ta hatsari ce, ta fili ce, ko haƙƙin wanda ya rasu a bakin aiki, za a samu mai cewa a bar masa ya bi. Ba duka ne macuta ba, yayana ma da wannan ya ci abinci. Amma ku tambaye shi wa ya ba shi izini, nawa ne ladansa, kuma hannun wa kuɗin za su fara shiga. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ina kuma roƙon masu iko da su sa ido a kan wannan sana'a kamar yadda aka sa a nan, domin wanda ke kwance da karaya ba shi da ƙarfin yin ciniki. Ban ce kowa ya daina yafiya ba, Allah Ya kiyaye. Yaya bai taɓa hana kowa yafewa ba. Abin da yake so shi ne mutum ya san wa ya yafe wa, kuma me ya bari.

In na auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa a ido. Motar an sayar wa masu gwangwan. Jakar robar ban san inda ta shiga ba. Bai bar gida nasa na kansa ba, kuma sana'arsa, kamar yadda na ce, waya ta gaje ta. Yawancin abin da yake yi da ƙafarsa da faɗansa yanzu doka ce ke yi, kuma ta fi shi isa, don shi mutum ɗaya ne da tsohuwar mota. Ina ganin zai yi murna da hakan, ba zai yi kishi ba. Sai dai akwai wurin da doka ba ta kai ba, wato abin da aka karɓa hannu da hannu ba shaida. Wannan yana tsakanin mutum da Ubangijinsa, kuma a nan ne na ga aikin Yaya ya ci gaba bayan an rufe shi da ƙasa.

A watan Sha'aban da ya wuce, Sale ya shigo shagona. Ofishinsu ya daɗe da rufewa tun da aka fara tambayar lasisi, shi kuma ya koma jigilar masu Umara da motar haya. Gemunsa ya yi fari. Ya zauna muka gaisa, ya yi ta juya hularsa a hannu, can ya ce in raka shi Ka'akiyya. Ban tambaye shi dalili ba, na rufe shago. A hanya ya ce, "Yaya, ka san tun da Yaya Haruna ya rasu ba wanda ya ƙara gaishe ni a wurin takalma? Da ina jin haushinsa, har canza ƙofa nake yi, ya bi ni. Yanzu kuwa kowace Juma'a sai in fito in tsaya, in rasa me nake jira."

Muka sami Malam Adamu a ƙofar gida a kan tabarma, sandarsa a gefe. Ya ɗaga kai ya dube shi da kyau.

Ya ce, "Sale Mustashfa? Kai, ka tsufa."

Sale ya ce, "Kai ma haka, Malam."

"Ni mota ce ta taimaka min. Kai fa?"

Aka kawo shayi. Sale bai taɓa nasa ba. Ya zaro ambulan daga aljihun jallabiya, ya durƙusa ya ajiye a gaban Malam Adamu da hannu biyu. Ya ce, "Rabon da na karɓa ne a kan ƙafarka. Na daɗe ina tarawa. Ban rage komai ba." Ya ƙara da cewa, "Sauran kuma, wanda ba ya shiga ambulan..."

Malam Adamu ya katse shi. "Wannan na gama da shi tun ranar jana'izar Malam Haruna, kai ne ba ka zo ka ji ba. Wannan kuwa na 'ya'yana ne, zan karɓa." Ya ɗauki ambulan ɗin bai buɗe ba, ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ka shaida ya biya." Na ce na shaida. Ya ce, "To Sale, ba na binka komai. Sha shayinka."

Muna nan zaune aka kira magariba. Na miƙe, Malam Adamu ya dafa bango ya miƙe. Sale ya yunƙura daga durƙuson da ya yi, gwiwoyinsa suka ƙi. Malam Adamu ya miƙa masa kan sandarsa ya ce, "Riƙe nan." Ya riƙe, ya ja shi ya tashi, muka nufi masallaci.